Galahanga: ba da karkataccen ƙashi ake haihuwar yaro ba

An daɗe ana ɗauka cewa yaro mai galahanga (lalurar da ke shafar motsin jiki, wato cerebral palsy) da karkatattun ƙasusuwa ya zo duniya, gara a bar shi kwance kada ya karye. Ba haka ba ne. Raunin a ƙwaƙwalwa yake, galibi ƙugunsa lafiya lau ake haifarsa.

Ɗaukar nauyin jiki da motsi ne ke ƙarfafa ƙashi. Yaron da ba ya tsayuwa ƙashinsa kan yi rauni, tsokokin da suka ƙage kuma su riƙa jan kan ƙashin cinya har ya zame daga gurbinsa sannu a hankali. Idan yana shan maganin farfaɗiya, wasu daga cikin magungunan ma na rage bitamin D, wanda ƙashi ke buƙata don ya yi ƙarfi.

Don Allah iyaye, a riƙa tsayar da shi da tallafi bisa shawarar likita, a ɗauki hoton ƙugunsa tun bai fara ciwo ba.