Fina-finan Doctor Who da aka gano a Jos

A watan Oktoba na 2013 BBC ta sanar da cewa an gano kashi tara na shirin talabijin Doctor Who, wasan kwaikwayo na almarar kimiyya, da aka daɗe da fid da rai da su. A ɗakin ajiya na wata tashar talabijin da ke Jos aka same su, a cikin gwangwanayen fim, kusan shekara 45 bayan an nuna su a Ingila. Wanda ya gano su shi ne Philip Morris, Baturen Ingila mai bin tashoshi ƙasa-ƙasa yana neman tsofaffin shirye-shirye.

Labarai biyu ne, kowanne mai kashi shida (dama BBC tana da kashi ɗaya na kowannensu), na zamanin da Patrick Troughton yake jarumin shirin. Na farko The Enemy of the World, an fara nuna shi a ƙarshen 1967. Na biyu The Web of Fear na 1968, shi ne na ban tsoro: dodanni masu gashi da ake kira Yeti sun mamaye ramukan jirgin ƙasa na ƙarƙashin birnin Landan. Ba a kashe masa kuɗi da yawa ba, ramukan ma a ɗakin ɗaukar hoto aka gina su, amma duhu da ƙarar dodannin sun isa su hana yaro barci.

Yadda suka ɓace kuwa, a lokacin kaset ɗin bidiyo yana da tsada, don haka BBC kan goge tsohon shiri ta ɗauki sabo a kansa, har zuwa 1978. Abin da ya tsira shi ne kwafin da aka juye a kan fim mai faɗin milimita 16 don sayar wa tashoshin ƙetare. Tasha ta gama nunawa ta miƙa wa ta gaba, ta ƙarshe kuma ta mayar ko ta lalata. Na Jos ba a yi ko ɗaya ba, aka bar su a kan kanta.

Da aka kai su Ingila, an wanke fim ɗin, aka juye shi a kwamfuta, aka cire tabo da ƙarzuwa, aka gyara sauti. The Enemy of the World ya cika cif. The Web of Fear ya rage kashi na uku, wanda a cikinsa ne Kanar Lethbridge-Stewart, sojan da ke taimaka wa jarumin shirin, ya fara bayyana. Morris ya ce ya ga wannan kashi tare da sauran, amma ya yi ɓatan dabo kafin a kwaso su. Da hotuna da sautin da ya tsira aka cike gurbinsa, sannan a 2021 aka yi shi da zane mai motsi.

Ganowar ta rage adadin ɓatattun kashin shirin daga 106 zuwa 97.