Kungsleden

Kungsleden, wato "Hanyar Sarki" a harshen Suwidin, doguwar hanyar ƙafa ce da ta ratsa tsaunukan Lapland a arewacin ƙasar Suwidin, daga Abisko a arewa zuwa Hemavan a kudu. Tsawonta ya kai kimanin kilomita 440, ko da yake wasu taswirori kan ƙara 'yan kilomitoci a kan haka. Mai son gama ta kakaf yakan yi mako uku zuwa huɗu ɗauke da guzurinsa da tantinsa a baya. Tsaunukan ba su da tsayi sosai, don haka ba hawa ne ke wahalar da matafiyi ba. Ruwa da iska da jiƙaƙƙen takalmi su ne ke mayar da mutane gida.

Tarihi

Mutanen Sami, makiyayan barewar arewa, sun daɗe suna bin waɗannan kwaruruka da garkunansu tun kafin wani baƙo ya zana layi a taswira. Hanyar shaƙatawa kuwa aikin ƙungiyar yawon buɗe ido ta Suwidin ce, wadda ake taƙaita sunanta STF, da aka kafa a Uppsala a 1885. Abin da ya buɗe yankin shi ne layin dogo na jigilar tama daga Kiruna zuwa tashar ruwan Narvik a Norwe, wanda aka kammala a wajajen 1902. Jirgin yana tsayawa a Abisko, sai ya zama ɗan birni na iya sauka daga tarago ya shiga daji kai tsaye.

An gina ɗakunan kwana na farko a Abiskojaure da gindin dutsen Kebnekaise a kusan 1907. A 1909 Suwidin ta kafa gandayen daji na ƙasa, waɗanda suna cikin na farko a Turai, kuma huɗu daga cikinsu suna kan wannan hanya: Abisko, Stora Sjöfallet, Sarek da Pieljekaise. Sashen arewa an yi masa alama da tsibin duwatsu a tsakiyar shekarun 1920, sunan Kungsleden kuma ana jin ya fara fitowa a rubuce a ƙarshen shekarun. Kudancin hanyar ya jima bai haɗu ba. Sai a tsakiyar shekarun 1970, bayan an keɓe yankin Vindelfjällen, aka miƙa ta har Hemavan. A 1996 UNESCO ta sa yankin Laponia, wanda hanyar ta ratsa, cikin wuraren tarihi na duniya.

Zango-zango

Sashen da ya fi cika da jama'a shi ne Abisko zuwa Nikkaluokta, kimanin kilomita 105, kwana biyar zuwa bakwai. Ana yada zango a Abiskojaure, Alesjaure, Tjäktja, Sälka da Singi, daga nan a bar ainihin hanyar a karkata gabas ta gindin Kebnekaise, dutse mafi tsayi a ƙasar. Mashigar Tjäktja, mai tsayin kusan mita 1,150, ita ce ƙololuwar hanyar duka, kuma dusar ƙanƙara kan kwanta a can har cikin Yuli. Tsakanin ɗakin kwana da na gaba akwai kilomita 10 zuwa 20. Babu wutar lantarki a yawancinsu, baƙo ne ke ɗebo ruwa a bokiti ya faskara itace, wasu kuma suna da ɗan kanti.

Ainihin hanyar kuwa tana ci gaba kudu daga Singi zuwa Vakkotavare, inda ake hawa bas a kan titi, sannan jirgin ruwa zuwa Saltoluokta. Tsakanin Kvikkjokk da Ammarnäs, tafiyar sama da kilomita 100, STF ba ta da jerin ɗakuna, don haka tanti ya zama dole, kuma a nan ne mutum kan wuni bai ga kowa ba.

Ƙetare ruwa

Tafkuna da dama sun datse hanyar, ciki har da Teusajaure, Sitojaure da Laitaure. Akan sami mai jirgin inji da ke ƙetarar da mutane a kan kuɗi sau ɗaya ko biyu a rana. A wasu tafkunan, wanda bai son biya sai ya tuƙa kwalekwalen da aka ajiye kyauta. Ƙa'idarsu ɗaya ce: dole a bar aƙalla kwalekwale ɗaya a kowace gaɓa. Idan matafiyi ya tarar da guda ɗaya tak a gefensa, zai tuƙa ya haye, ya ɗauro wani a baya ya dawo da shi, sannan ya sake hayewa, ƙetarawa uku ke nan. A tafki mai faɗi wannan na iya cinye rabin yini, kuma idan iska ta taso gara a jira.

Manyan koguna suna da gadoji, amma ƙananan rafuka sai an shiga. Ruwansu narkakkiyar ƙanƙara ce, shi ya sa sukan ja baya da sassafe su cika da yamma bayan rana ta yi aikinta. Ana neman wurin da rafin ya fi faɗi, domin a nan ya fi rashin zurfi. Ba a shiga ba takalmi, saboda sanyi kan kashe ƙafa har mutum ya taka dutse mai kaifi bai ji ba. Ana kwance ɗamarar jaka ta kugu don a iya yar da ita idan an faɗi, a fuskanci inda ruwan ke fitowa, a dogara da sanda, a riƙa ɗaga ƙafa ɗaya bayan an tabbatar ɗayar ta zauna. Ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa ba na shiga ba ne.

A fadamu an shimfiɗa katako bibbiyu a jere. Idan suka jiƙe santsi gare su kamar sabulu.

Kafa tanti

Al'adar Suwidin da ake kira allemansrätten, wadda aka ambata a tsarin mulkin ƙasar tun 1994, ta ba kowa damar ratsa daji da kwana ɗaya ko biyu a wuri guda, muddin bai yi ɓarna ba kuma bai matsa kusa da gidan wani ba. Gandayen daji na da nasu dokokin. A cikin gandun Abisko, alal misali, ba a kafa tanti sai a wuraren da aka ware. Mai kafa tanti kusa da ɗakin STF yana amfani da kicin da banɗaki zai biya kuɗi.

Sama da iyakar bishiyoyi, wato can saman tsauni inda bishiya ba ta tsiro, babu abin da ke tare iska. Ana zaɓen wuri mai ɗan tudu, busasshe, ba cikin kwari ba inda ruwa da sanyin dare ke taruwa. Dogon tanti ana juya ƙunƙuntar bayansa ga iska, a fara kafe turakun wannan gefen tun kafin a zura sanduna, in ba haka ba iska ta ɗauke shi. Inda ƙasa ta yi tsakuwa turke ba ya kamawa, sai a ɗaure igiya a dutse. Kuskuren da aka fi yi shi ne toshe kafofin iska don gudun sanyi: numfashin mai barci kan zama raɓa a cikin rufin, ta ɗiga a kan jakar barci, kuma jakar gashin tsuntsu da ta jiƙe ba ta riƙe ɗumi.

Ba a hura wuta a kan fa, domin zafi na tsaga dutsen, tabon kuma ba ya gogewa. Bayan gida ana yin sa nesa da ruwa, taku saba'in ko fiye, a haƙa rami kamar tsawon taƙi a binne. Shara kuwa mai ita ke fita da ita.

Kaya da guzuri

Jakar mako guda takan kai kilo 12 zuwa 16, kuma bai kamata ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin mai ɗauka ba. Busasshen abinci gram 700 zuwa 900 a rana ya isa yawancin mutane. Gwangwanin gas mai gram 230 kan kai mutum ɗaya kusan mako idan tafasa ruwa kawai yake yi kuma yana kare rishon daga iska. Ba a shiga jirgin sama da shi, sai a saya a Kiruna ko Abisko. Ruwan sha ba a ɗauka da yawa, ana ɗiba a rafi mai gudu, ta saman inda mutane ke kwana.

Jakar barci ta zama mai jure sanyin sifili a ma'aunin Salshiyas, ko a watan Yuli. Tufafi na ulu ne ko na zaren roba, da rigar ruwa da wandonta. Auduga na shan gumi ta ƙi bushewa, kuma jiƙaƙƙen mutum a cikin iska na iya rasa zafin jikinsa ko da ƙanƙara ba ta sauka ba. Alamomin farko su ne makyarkyata, harɗewar harshe da tuntuɓe. Magani shi ne a tsaya nan take, a kafa tanti, a sauya kaya, a sha abu mai ɗumi. Saboda haka ake ajiye safa ɗaya da riga ɗaya a leda, na barci kaɗai, ko da safe za a mayar da jiƙaƙƙun. Inda takalmi ya fara gogar dunduniya a manna filasta tun bai zama bororo ba.

Waya ba ta samun sabis a yawancin hanyar, don haka taswirar takarda da kamfas na cikin kayan dole. Lambar gaggawa 112 ce, kuma ɗakunan kwana suna da wayar neman agaji.

Lokaci

Ana tafiyar ƙafa daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Satumba. A Abisko rana ba ta faɗuwa daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli. Yuli watan sauro ne, har sai an rufe fuska da raga. Ƙarshen Agusta sauro ya ragu, amma dare ya fara sanyi. Jajayen alamomin giciye da ke kan dogayen sanduna na hanyar hunturu ne, kuma wanda ya bi su da ƙafa yakan tsinci kansa cikin fadama.

Makiyaya

Duk yankin wurin kiwo ne. Idan an haɗu da garke a tsaya ko a zauna har ya wuce, musamman a farkon lokacin tafiya da uwaye ke tare da 'ya'yansu, kare kuma ya kasance a ɗaure. Batun haƙƙin ƙasa tsakanin Sami da gwamnati bai mutu ba. A 2020 kotun ƙolin Suwidin ta ba al'ummar makiyayan Girjas ikon bayar da izinin farautar ƙananan dabbobi da kamun kifi a yankinsu na tsaunuka.