Zinariyar Ƙarƙashin Kurmi da Ruwan da Muke Sha a Zango

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwa na Aboabo, Asawase, Sabon Zango da sauran zangunan Kumasi. Aikina duba lafiyar jama'a gida-gida, kuma abin da nake gani a ɗakunan samarinmu masu haƙar zinariya ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Kakanninmu goro ya kawo su ƙasar Asante. Sun bi hanyar Gonja da Salaga da jakunansu saboda itacen da ke son inuwar kurmi da ruwan sama mai yawa. Ƙarƙashin wannan kurmin kuwa akwai tsohon dutse da masana ke kira Birimiyan, mai shekara kusan biliyan 2, kuma a jijiyoyinsa zinariya take. Shi ya sa ake haƙa a Obuasi tun 1897. Ruwan sama ya daɗe yana zaizayar dutsen yana zuba ƙurar zinariya a gindin koguna irin su Ofin da Oda da Pra. To ka ga inda matsalar take: arzikin na kwance daidai ƙarƙashin itatuwa da ruwan sha.

Ƙasar kurmi tana ruɗin ido. Ganin manyan itatuwan odum da wawa sai a ɗauka albarkarta ta yi zurfi, alhali ƙarfinta na cikin 'yar baƙar ƙasar sama ce, wadda ruɓaɓɓen ganye ke ciyarwa. Da motar haƙar zinariya ta birkice ta, jar ƙasa ta hau sama, koko ba ya yi, rogo ma da ƙyar. Ramin da aka bari ya cika da ruwa, sauro ya samu gida, yara kuma suna faɗawa.

Ruwan famfonmu daga madatsun Barekese da Owabi yake zuwa. Barekese a kan kogin Ofin take, Owabi kuwa tun 1928 take shayar da garin nan. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen yankin Asante sun haura miliyan 5 da dubu 400, kowa na neman fili da gawayi da katako. Duk itacen da aka sare a bakin waɗannan madatsu, laka ce za ta gangara cikin ruwa. Don Allah, in an yi maka tayin fili mai araha a gefen Owabi ko Barekese, ka bincika kafin ka biya.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Samarinmu da ke zuwa galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, suna cuɗa zaiba da yashin da suka wanke don ta kama zinariya, sannan a ƙona curin. Na taɓa shiga wani gida na tarar ana wannan ƙuna a kan murhun da uwar gida ke dafa tuwo, ga ta da goyo. Tururin zaiba ba shi da launi, ba shi da wari. Yana shiga huhu, ya wuce jini, ya taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. Yana laƙewa a bango da tufafi, ana ta shaƙa bayan wuta ta mutu. Mai ciki ita ce ta fi shiga haɗari, domin gubar na isa ga ɗan tayi. Zaibar da ta zuba a kogi kuma tana taruwa a jikin kifi, kuma tafasa ruwa ko soya kifi ba ya fitar da ita.

Ba zagin yaran nan nake ba, na san rashin aiki ne ya kora da yawansu daji. Amma ɗan'uwa, kada ka shigo da zaiba ɗakin kwana, kada ka ƙona ta a cikin gida ko kusa da mata da yara, kayan aikinka kuma a ajiye su waje, a wanke su daban. Iyaye mata, in kun ga kwalbar nan mai ruwa kamar narkakkiyar azurfa a ƙarƙashin gado, ku sa a fitar da ita, kada yaro ya taɓa.

Wanda hannunsa ya fara karkarwa, ko yawan mantuwa da saurin fushi, ko dasashinsa ke kumbura, ya je asibiti, ya kuma faɗa wa likita gaskiyar aikin da yake yi, domin da wannan bayanin ne za a san gwajin da ya dace da shi.