Ya bar giya tuntuni, me ya sa likita ke tono zancen?

Ɗan'uwanmu mai sikizofiriniya ya tuba da giya shekara 5 ke nan. Ina ruwan likita da abin da ya wuce?

Giya tana barin tabo. Sikizofiriniya, ciwon taɓin hankalin nan mai sa jin muryoyi da zargin mutane, dama tana taɓa gaban ƙwaƙwalwa, wajen goshi, inda ake tsara abu da yanke shawara. Giya ma nan take ci. Wani bincike da masanan jami'ar Stanford ta Amurka suka fitar a 2003, da hoton ƙwaƙwalwa na MRI, ya nuna wurin ya fi motsewa a masu ciwon da suka taɓa zama mashaya, alhali giyar da suka sha ba ta kai ta sauran mashaya ba. Wato kaɗan ma ta isa ta yi musu ɓarna.

Ana iya ganewa ba tare da hoto ba?

Sau da yawa a tafiya ake gani. Likita zai ce ya bi layi, diddige na taɓa yatsun ɗaya ƙafar, ko ya haɗe ƙafafu ya rufe ido. Sai ka ga yana tangaɗi yana lalubar bango, ko ɗigo bai sha ba. Ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya ce ke riƙe da daidaiton jiki, giya kuwa ta saba lalata ta. Wani kuma tafin ƙafarsa ke zugi ko ya mutu, har takalmi ya fita bai sani ba.

Ba maganin asibiti ne ke jawo hakan ba?

Yana iya yi. Haloperidol, ɗaya daga cikin magungunan sikizofiriniya, na iya sa rawar hannu da sandarewar jiki. Nan ɓoyo ke cutarwa: dangi sukan ji kunyar ambaton giya, sai a ɗora wa magani ko ciwon laifin komai, a manta da ƙarancin bitamin B1 da ke addabar mashaya. Ƙarancin kuwa idan ya yi tsanani yakan kawo ruɗewa, tangaɗi da rawar ƙwayar ido, kuma allurar gaggawa yake buƙata kafin ya zama mantuwa ta dindindin.

Yana warkewa?

Wani ɓangaren. Natsuwa da tunani sukan inganta cikin watanni bayan an daina sha. Tafiya ta fi jinkiri, wani ma ba ta komawa daidai. Wanda kuma yake sha kullum har yanzu kada ya yanke rana ɗaya a gida, don jijjiga na iya biyo baya cikin kwana biyun farko. A asibiti ake yaye shi.