2,147,483,647

2,147,483,647 lamba ce mai gurbi goma, in za a karanta ta da baki sai a ce biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. Mara ce ba cika ba tunda da 7 ta ƙare. Abin da ya fito da ita fili shi ne ba ta rabuwa, duk lambar da ka raba ta da ita sai an samu saura, in ban da 1 da ita kanta, irin wannan ne masana lissafi ke ce wa firaim.

Yadda ake samunta ba wuya, ka jera 2 guda 31 ka yi ta ninka su da juna, abin da ya fito ka cire 1, shi ke nan. Firaim masu irin wannan siffa ana kiransu lambobin Mersenne, sunan wani malamin coci ne ɗan Faransa, Marin Mersenne, da ya sa ta cikin jerinsa a 1644. Ita ce ta takwas a jerin. Kuma ita 31 ɗin ma ai lambar Mersenne ce, 32 a cire 1, shi ya sa ake ce wa 2,147,483,647 Mersenne mai ninki biyu, kuma huɗu kacal aka sani masu wannan hali.

Wanda ya tabbatar ba ta rabuwa shi ne masanin lissafi Leonhard Euler a 1772, cikin wasiƙar da ya aika wa wani masani, Daniel Bernoulli, lokacin ma idonsa ya riga ya tafi. Bai tsaya gwada kowace lamba ba, ya san duk mai raba ta dole in an raba shi da 62 saura 1 ya rage, kuma ba sai an wuce 46,340 ba, nan aikin ya ragu sosai. Ba kalkuleta fa, ba komai. Har 1867 ba a san firaim da ta fi ta girma ba.

Yau kuma masu kwamfuta sun fi kowa saninta. Kwamfuta tana ajiye lamba ne a gurabe da ake kira bit, kowanne 0 ko 1 kawai yake ɗauka. A tsarin bit 32, bit ɗaya yana tafiya wajen nuna ko lamba ta ƙasa da sifili ce, sauran 31 in duk suka zama 1 to wannan lambar ce, ƙarshen ma'aji ke nan, ka ƙara 1 kawai sai lissafi ya juye ya koma −2,147,483,648. Tsofaffin na'urori masu tsarin Unix, wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta, sakan suke ƙirgawa tun 1 ga Janairun 1970, ma'ajinsu zai cika ranar 19 ga Janairun 2038 da ƙarfe 3:14 na dare agogon GMT, shi ya sa ake ta mayar da manhajoji bit 64.