Zango da motocin kwana a kewayen fagen yaƙin Little Bighorn

Fagen yaƙin Little Bighorn wuri ne na tarihi a kudu maso gabashin jihar Montana ta Amurka, cikin ƙasar da aka keɓe wa ƙabilar Crow. Hukumar kula da gandaye da wuraren tarihi ta ƙasa ce ke riƙe da shi. Ba a kwana a cikinsa, ko a tanti ko a mota, saboda haka maziyarta kan yada zango a garuruwan da ke kewaye, galibi a cikin motocin kwana da Amurkawa ke kira RV, masu gado da kicin da banɗaki.

Tarihin wurin

Tun asali bakin kogin Little Bighorn zango ne. A watan Yunin 1876 dubban mutanen Lakota da Cheyenne ta Arewa da wasu 'yan Arapaho sun kafa tantunan fata a gefen ruwa, bayan sun ƙi bin umarnin gwamnati na komawa yankunan da aka keɓe musu kafin ƙarshen Janairun wannan shekara. Tushen rikicin zinariya ce da aka gano a tsaunukan Black Hills a 1874, a ƙasar da yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 ta bar wa Lakota. Ana ƙiyasta mazauna zangon da kusan 7,000, mayaƙa tsakanin 1,500 da 2,000, da jagorori irin su Sitting Bull da Crazy Horse da Gall.

Ranar 25 ga Yuni Laftanar Kanar George Armstrong Custer ya raba rundunar sojan doki ta 7 ta Amurka don kai wa zangon hari, ya tura Manjo Reno da Kyaftin Benteen ta wasu ɓangarori, shi kuma ya bi ta kan tuddai. Shi da mutum wajen 210 da ke tare da shi ba wanda ya tsira. Ragowar sun ƙaƙe a kan wani tudu har washegari, agaji ya iske su ranar 27. Mamatan sojan Amurka sun haura 260. Na ɗaya ɓangaren ba a daidaita a kai ba, daga talatin da 'yan kai zuwa kusan ɗari. Ko Custer ya saɓa umarni, har yau ana jayayya.

An ayyana wurin maƙabartar ƙasa a 1879, aka kafa dutsen tunawa a kan tudun da Custer da mutanensa suka yi tsayuwar ƙarshe a 1881, aka dasa fararen duwatsu a inda sojoji suka faɗi a 1890. Jajayen duwatsu na mayaƙan Lakota da Cheyenne ba su fara shigowa ba sai 1999. A 1991 aka cire sunan Custer daga sunan wurin, aka buɗe wurin tunawa da 'yan asalin ƙasar a 2003. Gobarar dajin 1983 ta cinye ciyawa, abin da ya ba masu binciken kayan tarihi damar tono kwanson harsasai da bin sawun yadda faɗan ya gudana.

Wuraren sauka

Ana shiga daga babbar hanyar I-90, mafita ta 510, inda ta haɗu da hanya ta 212 kusa da garin Crow Agency. Akwai zangunan 'yan kasuwa a Garryowen, kudu kaɗan da fagen, da kuma Hardin, kimanin kilomita 24 a arewa. Billings, birni mafi girma a jihar, tana da nisan kilomita wajen 100, kuma can ake samun manyan garejin gyara. Mai son bakin ruwa kan bi hanya ta 313 daga Hardin zuwa Fort Smith, ƙarƙashin madatsar Yellowtail, inda hukumar gandaye ke da zango. Ta gabas, wajen Ashland, akwai dajin gwamnati na Custer Gallatin, wanda ake yarda a sauka a wasu sassansa na 'yan kwanaki ƙayyadaddu, ba ruwa ba wuta.

Filayen da ke zagaye da fagen ba na kowa da kowa ba ne. Na ƙabilar Crow ne ko na masu gonakin kiwo, ko da ba a ga shinge ba, kuma sauka a kansu ba izini shiga gonar wani ne. Wuri kan yi wuya a ƙarshen Yuni, lokacin tunawa da yaƙin, da tsakiyar Agusta, lokacin bikin Crow Fair da aka fara tun wajen 1904, inda ake kafa ɗaruruwan tantuna.

Wuta, ruwa da masai

Soket ɗin zango iri biyu ne: mai amfiya 30, da ke ɗaukar wat 3,600, da mai amfiya 50, da ke kai wa wat 12,000. A kan mai 30, iyakwandishan ɗaya da tukunyar dumama ruwa da na'urar ɗumama abinci a lokaci guda sun isa su yanke wuta. Ana kashe makunnin turken da soket ɗin yake kafin a sa filogi ko a zare shi. Tiyon ruwan sha daban yake da na wanki, kuma ana ɗaura masa abin rage ƙarfin ruwa a bakin famfo, don ƙarfin da ya wuce kima yana fasa mahaɗan bututun roba a bayan bango.

Tankunan ƙazanta biyu ne, na masai da na ruwan wanka da wanke-wanke. Ana barin bawul ɗin na masai a rufe har ya kai kashi biyu cikin uku, sannan a zubar da shi tukuna, a biyo da ruwan wanka ya ɗauraye tiyon. In aka bar shi a buɗe, ruwa ya tsiyaye, sauran ya daskare a gindin tanki ya toshe shi. Firjin gas kuma yana son mota ta tsaya daidai. In ta karkace na sa'o'i, ruwan sanyin cikinsa ba ya zagayawa, bututun ya lalace.

Yanayi da haɗari

Fili ne fetal mai tsayin kusan mita 1,000, ba inuwa. Zafin Yuli da Agusta kan haura digiri 32, dare kuma ya yi sanyi. Hadari na tasowa da yamma da iska da ƙanƙara, don haka ba a fita a bar rumfar mota a buɗe, iska ɗaya ta isa ta karya sandunanta. Hanyoyin ƙasa na yankin yumɓu ne. Da an yi ruwa sai ya manne wa taya, mota mai nauyi ta kafe. Idan ciyawa ta bushe hukumomi kan hana hura wuta a waje. Tun daga kaka ruwa kan daskare a tiyo cikin dare, wasu zangunan ma rufewa suke yi.

Dokokin fagen

Titin zagaye mai kimanin kilomita 7 da ya haɗa tudun Custer da na Reno da Benteen siriri ne, wurin ajiye mota kuma ƙarami, shi ya sa masu tirela kan kwance ta a zango su zo da motar da ke janta. Ba a sauka daga hanyoyin ƙafa da aka shata, saboda kaburbura da kuma macizai masu ƙararrawa a wutsiya da ke cikin ciyawa. Dokar tarayya ta haramta ɗaukar ko da kwanson harsashi ɗaya, haka ma shiga da na'urar gano ƙarfe.