Killace Sunayen Fayil a Rubutun Umarnin Shell

Killace suna dabara ce da masu shirya manhaja ke bi idan wata manhaja za ta rubuta jerin umarni domin shell ya aiwatar, ta yadda shell zai karɓi sunan fayil a matsayin suna kawai, ba umarni ba. Shell shi ne mai fassara umarni a tsarin Unix da Linux. Stephen Bourne ya fitar da nasa a 1979, Brian Fox kuma ya fitar da Bash a 1989.

Tushen matsalar shi ne Unix bai hana suna ɗaukar komai ba sai alamar / da harafin NUL (harafi mai lambar sifili). Tazara, alamar $, alamar ;, har da sabon layi, duk suna iya shiga suna, kuma kowannensu yana da ma'ana a wurin shell. Tazara tana raba suna gida biyu. Abin da ya biyo bayan alamar ; kuwa sabon umarni ne, wanda ta nan mai mugun nufi ke cusa nasa.

Killace suna da tagwayen alamar zance (") bai wadatar ba, domin shell yana ci gaba da fassara $ a cikinta. Tilon alamar zance (') ta fi aminci: duk abin da ke cikinta yana nan yadda aka rubuta shi, in ban da ita kanta alamar.

A nan ne Hausa ke da ruwa da tsaki, domin alhamzarmu a allon rubutu ita ce wannan alamar. A shagunan buga takardu na Kaduna, daga Kawo zuwa Tudun Wada, sunaye irin su "Sakamakon Jami'a.pdf" ko "Albashin ma'aikata.xlsx" abin yau da kullum ne. Alhamzar da ke tsakiyar suna za ta rufe killacewar tun ba a kai ƙarshe ba. Maganin shi ne a maye gurbin kowace alhamza da '\'' wato a rufe, a saka alhamza da kariyarta ta alamar \, a sake buɗewa: 'Sakamakon Jami'\''a.pdf'. Ba shi da kyan gani, amma yana aiki.

Ba sai an yi da hannu ba. A cikin harsunan shirya manhaja, Python tana da shlex.quote tun sigar 3.3 ta 2012, PHP tana da escapeshellarg, Bash kuma yana da printf %q. Sai dai abin da printf %q ke fitarwa na Bash ne, ba kowane shell ke gane shi ba.

Saura suna mai farawa da karan ɗori, kamar -rf. Killacewa ba ta hana rm, umarnin goge fayil, ɗaukarsa a matsayin zaɓin yadda zai yi aiki maimakon suna, don haka ake sa -- kafin sunan, ko a fara shi da ./